Tony Dungy, Kocin da Ba Ya Ɗaga Murya

A ranakun 3 da 4 ga Mayun 1977 ƙungiyoyi 28 na gasar NFL suka zauna zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'in Amurka, kamar yadda suka saba duk shekara. Aka yi zagaye 12, aka kira sunan mutum 335, babu na Tony Dungy a ciki. Shi kuwa ya yi shekara huɗu yana buga wa Jami'ar Minesota ƙwallo, sau biyu ana zaɓensa gwarzon ƙungiyar, a 1975 da 1976. Abin da ya kayar da shi gurbin da yake bugawa ne, haɗe da launin fatarsa.

Wasan da ake magana shi ne ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, wadda ake yi da hular kwano da kafaɗun roba. Kowane ɓangare mutum 11 ne a fili mai tsawon yadi 100. Masu riƙe da ƙwallo suna da dama huɗu su ci yadi goma. In sun ci a sabunta musu, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ita gidan abokan hamayya ya ci maki shida. Ƙungiya ɗaya kuma tamkar runduna biyu ce: masu kai hari daban, masu tsaron gida daban, kowacce da malamanta. A cikin masu kai hari akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ke karanta yadda masu tsaro suka jeru, ya canza dabara in ta kama, ya yanke wa zai jefa wa cikin daƙiƙa biyu ko uku. Gurbin masu tunani ne da ba da umarni, kuma a wancan zamani masu ƙungiyoyi da kociyoyinsu, kusan dukansu farare, sun ƙudurce cewa baƙin mutum yana da gudu da ƙarfi amma ba shi da kan da zai riƙe wannan gurbi.

Ba a rubuta wannan a kowace doka ba, aiki kawai ake yi da shi. Marlin Briscoe ya buga kwatabak a Denver a 1968, ya yi abin a zo a gani, shekara na zagayowa sai ga shi a Buffalo an mai da shi mai cafke jifa. Warren Moon, wanda ya fito shekara guda bayan Dungy, shi ma ba a zaɓe shi ba, sai da ya tafi Kanada ya ɗauki kofi biyar a jere da Edmonton kafin NFL ta waiwaye shi. Dungy ma an yi masa tayi daga Montiriyal ya je ya ci gaba da buga gurbinsa. Ya ƙi, ya zaɓi Pittsburgh Steelers, waɗanda suka ɗauke shi ba ta hanyar zaɓe ba, suka kuma mai da shi mai tsaron can baya, aikin da bai taɓa yi ba a jami'a.

An haife shi ranar 6 ga Oktoban 1955 a garin Jackson na jihar Mishigan, a gidan malamai. Mahaifinsa Wilbur ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu tare da rundunar baƙaƙen matuƙa jirgin sama ta Tuskegee, daga baya ya zama malamin kimiyya a kwaleji. Mahaifiyarsa Cleomae tana koyar da Ingilishi a sakandare. Wanda ya tashi a irin wannan gida, in ya faɗa hannun Chuck Noll, babban kocin Steelers, to ya dace, don Noll ɗaukar kansa yake malami kafin koci. Ba shi da hayaniya, ba ya yi wa 'yan wasa jawabin tayar da tsimi. Karatunsa guda ne kullum: zakarun duniya ba wani abin al'ajabi suke yi ba, ƙananan ayyukan da kowa ya sani suke yi, sai dai sun fi kowa gyara su. Yana kuma yawan tuna wa 'yan wasansa cewa ƙwallo ta ɗan lokaci ce, kowa ya nemi aikin da zai yi a sauran rayuwarsa. Da wannan salo ya ɗauki Super Bowl, kofin ƙarshe na gasar, har sau huɗu cikin shekara shida, da masu tsaro irin su Joe Greene, Jack Lambert, Jack Ham da Mel Blount.

Sau ɗaya tak Dungy ya buga kwatabak a NFL, shi ma da larura. Ranar 9 ga Oktoban 1977 Steelers suka je Houston. Kwatabak ɗinsu Terry Bradshaw ya ji rauni, mataimakinsa Mike Kruczek ya shiga shi ma aka fitar da shi. Sai aka juyo kan sabon yaron nan mai tsaron baya, wanda a wasan nan ya riga ya cafke jifar abokan hamayya guda. Ya shiga ba tare da ya yi atisayen gurbin ba, ya yi jifa takwas, uku suka isa hannun mutanensa, biyu suka faɗa hannun 'yan Houston, aka cinye su 27 da 10. Har yau ana ambatonsa a matsayin mutum na ƙarshe da ya cafke jifar wani kuma aka cafke tasa a wasa ɗaya. A kakar 1978 shi ya fi kowa a ƙungiyar cafke jifa, guda shida, duk da ba ya cikin 'yan farko, kuma a Janairun 1979 suka doke Dallas Cowboys 35 da 31 suka ɗauki kofi. Daga nan sai abin ya yi ƙasa da sauri. Aka tura shi San Francisco, inda Bill Walsh ke shekararsa ta farko kuma suka ci wasa biyu kacal cikin 16. Aka sake tura shi New York Giants, su kuma suka sallame shi tun kafin a fara kakar 1980. Yana ɗan shekara 24 wasa ya ƙare.

Abin da ya fita da shi daga waɗannan shekaru uku ya fi zoben zakara da aka ba shi daraja. Mutum ne da ya girma yana kallon fili da idon mai jifa, sannan aka tilasta masa ya koyi kallonsa da idon mai tare jifa. Ya san abin da kwatabak ke nema, ya san abin da ke rikita shi. Ba na cewa wariyar da aka nuna masa alheri ce. Zalunci ne, kuma da yawa waɗanda aka yi wa haka sun ɓace ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Amma shi dai daga nan iliminsa na koci ya samo tushe. Ya koma Minesota ya horar da masu tsaron baya shekara guda, sai Noll ya kira shi a 1981. Yana da shekara 25, yana koyar da mutanen da suka girme shi, waɗanda jiya-jiya yake zaman benci a bayansu. A 1984, yana ɗan 28, aka damƙa masa shugabancin dukan sashen tsaro na Steelers.

Tun daga lokacin jaridu suka fara cewa ga wanda zai zama babban koci nan ba da jimawa ba. Ba da jimawar nan ta ɗauki shekara 12. Bayan mummunar kakar 1988 aka nemi a rage masa muƙami, ya tattara ya koma Kansas City wurin Marty Schottenheimer, daga can ya tafi Minnesota Vikings a 1992 ƙarƙashin Dennis Green, inda tsaron da ya gina ya zama na ɗaya a gasar a 1993. Ana kiransa ganawa, a yaba masa, a ɗauki wani. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne wai ya cika sanyi: ba ya zagi, ba ya tsawa, ta yaya ƙarti masu nauyin kilo 130 za su ji tsoronsa? Shi da kansa ya ba da labarin wani mai ƙungiya da ya tambaye shi ko ƙwallo za ta zama abu mafi muhimmanci a rayuwarsa, ya ce a'a, addininsa da iyalinsa suna gaba. Bai sami aikin ba. Ɗaya dalilin kuwa, wanda ba a furtawa, tarihi ya riga ya faɗe shi: bayan Fritz Pollard, wanda ya horar da Akron a 1921, NFL ba ta sake naɗa baƙin babban koci ba sai Art Shell a 1989.

Ƙungiyar da ta ba shi dama a Janairun 1996 ita ce wadda manya suka guda. Tampa Bay Buccaneers ta shigo gasar a 1976 ta sha kashi a wasanninta 26 na farko a jere. Daga 1983 zuwa 1994 ba shekarar da ba a cinye ta sau goma ko fiye ba. Sun nemi Jimmy Johnson ya ƙi, sun nemi Steve Spurrier ya ƙi, sannan suka zo kan Dungy. Wasanni biyar na farko duk aka cinye shi, cikin tara na farko ɗaya ya ci. Bai canza tsari ba, bai kori kowa don huce haushi ba. Suka ci biyar cikin bakwai na ƙarshe. A 1997 suka ci wasa goma, suka shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale karo na farko tun 1982, suka fitar da Detroit.

Tsarin tsaron da shi da mataimakinsa Monte Kiffin suka kafa shi ne aka yi wa laƙabi da Tampa 2, kodayake Dungy ya sha faɗa cewa daga littafin dabarun Steelers na zamanin Noll da mataimakinsa Bud Carson ya ɗauko shi. Mutum huɗu na gaba kaɗai ke farautar kwatabak, ba a cika ƙara musu kowa ba. Biyu na can baya su raba filin gida biyu, kowa ya tsare rabinsa. Ramin da ke tsakaninsu, wanda shi ne raunin tsohon tsarin, sai mai tsaron tsakiya ya ja da baya da gudu ya toshe shi. Sauran kowa da yankinsa, idonsa a kan mai jifa. Ma'anarsa, an bar maka gajeriyar jifa ka yi ta yi, da ka cafke a kayar da kai nan take. Doguwa ce ba za ka samu ba, kuma kafin ka haɗa ƙananan jifa goma sha biyu ba kuskure, ɗaya za ta faɗa hannunsu. Tsarin ba ya buƙatar ƙatti, masu sauri yake so, masu tsayawa inda aka ajiye su. Dabarun kaɗan ne, maimaici ne mai yawa. Warren Sapp a gaba, Derrick Brooks a tsakiya, John Lynch da Ronde Barber a baya: dukansu huɗu yau suna cikin zauren gwarzayen wasan da ke Canton, jihar Ohayo.

A Janairun 2000 saura wasa ɗaya su kai Super Bowl. Suka gamu da St. Louis Rams, ƙungiyar da ta ci maki sama da 500 a kakar, suka riƙe ta a maki 11. Su kuma shida kawai suka iya ci. Ana dab da tashi Bert Emanuel ya cafke wata jifa da za ta kusantar da su, alƙalai suka duba bidiyo suka soke ta saboda hancin ƙwallon ya taɓa ƙasa, hukuncin da ya sa aka gyara dokar bayan kakar. Wannan 11 da 6 ita ce hoton zamansa a Tampa: tsaro na ƙarfe, hari na ruwa-ruwa. Shekara biyu a jere bayan haka Philadelphia ta fitar da su, 21 da 3 sannan 31 da 9, ba su shiga gida ko sau ɗaya ba. Masu sukarsa suna da hujja a nan. Ya cika riƙon amana ga mataimakan da harinsu ba ya ci, ya kuma cika taka-tsantsan in ƙwallo na hannunsa. Ranar 14 ga Janairun 2002 iyalan Glazer masu ƙungiyar suka kore shi. Sun yi niyyar kawo Bill Parcells, ya janye, sai suka ba Oakland Raiders dala miliyan takwas da manyan gurabun zaɓe huɗu suka karɓo Jon Gruden. Shekara na cika Gruden ya ɗauki kofi da 'yan tsaron da Dungy ya horar, suka lallasa Raiders ɗin 48 da 21. Har gobe masoya wasan na gardamar kofin na wane ne. A ganina na su biyun ne, kuma wanda ya ce na ɗaya ne kaɗai bai kalli wasannin ba.

Korar ta haifar da abin da masu korar ba su zata ba. A daidai wannan lokaci Dennis Green ma ya rasa aikinsa a Minesota bayan kaka ɗaya tak mara kyau cikin goma. Lauyoyi biyu, Johnnie Cochran da Cyrus Mehri, suka fitar da rahoto a Satumban 2002 da ke nuna baƙaƙen kociyoyi sun fi cin wasa a jimlace, amma su ne na ƙarshen ɗauka kuma na farkon kora, suka yi barazanar zuwa kotu. NFL ta kafa kwamiti ƙarƙashin Dan Rooney, mai Steelers, daga nan aka sami dokar da ke ɗauke da sunansa: a sigarta ta farko, duk ƙungiyar da ke neman babban koci dole ta gana da aƙalla mutum ɗaya daga tsiraru. A 2003 aka ci shugaban Detroit Lions tarar dala 200,000 saboda ya tsallake ta.

Shi kuwa Dungy kwana takwas ya yi ba aiki. Jim Irsay, mai Indianapolis Colts, ya ɗauke shi, a can kuma Dungy ya tarar da akasin abin da ya bari: kwatabak Peyton Manning da mai cafke jifa Marvin Harrison suna cin maki yadda suka ga dama, tsaro kuwa kamar kwando a rafi. Ya bar harin a hannun Manning da Tom Moore, wanda tsohon malaminsa ne tun jami'a, ya dukufa kan tsaro. Ranar 6 ga Oktoban 2003, ranar da ya cika shekara 48, jadawali ya mai da shi Tampa. Saura kamar minti biyar a tashi ana cin Colts 35 da 14, 'yan kallo sun fara fita. Suka shiga gida sau uku, aka yi kunnen doki, suka ci 38 da 35 a ƙarin lokaci.

Amma a wasannin sili-ɗaya-ƙwale tsohon zargin ya biyo shi. New York Jets na abokinsa Herm Edwards suka yi masa 41 da nema. New England Patriots na Bill Belichick da Tom Brady suka fitar da shi shekara biyu a jere. A 2005 Colts suka ci wasa 13 na farko, kowa na cewa bana tasu ce. Ranar 22 ga Disamba aka tsinci gawar ɗansa James, mai shekara 18, a ɗakinsa kusa da Tampa. Bincike ya nuna shi ya ɗauki ransa. Dungy ya tsaya a coci gaban 'yan wasansa na da da na yanzu ya yi magana da bakinsa, ya roƙi iyaye su riƙa rungumar 'ya'yansu duk sanda suka sami dama. Bayan mako guda ya koma aiki. A Janairu Steelers suka fitar da su 21 da 18.

Ƙungiyar 2006 ba ta kai ta 2005 ƙarfi ba. Ita ce ta ƙarshe a gasar wajen tare masu gudu da ƙwallo; a Disamba Jacksonville ta yi gudun yadi 375 a kansu ta cinye su 44 da 17. 'Yan jarida suka matsa masa ya sauya tsari, ya ce tsarin lafiya lau, aiwatarwa ce ta gaza. Da mai tsaron baya Bob Sanders ya warke ya dawo, sai tsaron ya miƙe. A wasan kusa da na ƙarshe Patriots suka sake zuwa, suka yi gaba 21 da 3. Colts suka farfaɗo, Joseph Addai ya shiga gida saura minti ɗaya, Marlin Jackson ya cafke jifar Brady ta ƙarshe, aka tashi 38 da 34. A ranar nan kuma Lovie Smith, wanda Dungy ya ba aikinsa na farko a NFL a 1996, ya kai Chicago Bears wasan ƙarshe. Ba a taɓa samun baƙin babban koci a Super Bowl ba, sai ga biyu rana ɗaya, malami da ɗalibinsa.

Aka yi wasan ranar 4 ga Fabrairun 2007 a Miyami, cikin ruwan sama. Bears suna da wani yaro Devin Hester, wanda in aka bugo masa ƙwallo ba a cika kama shi ba, kuma duk mako Colts sun shirya ba za su buga ta wajensa ba. Dungy ya ba da labari daga baya cewa wa'azin da aka yi musu kan Dauda da Jaluta ne ya sa ya ga kamar tsoro suke nunawa, sai ya ce a buga masa kai tsaye. Hester ya karɓa ya zura yadi 92 ya shiga gida, daƙiƙa 14 da fara wasa. Kyamara ta hasko Dungy a gefen fili, fuskarsa yadda take kullum. Suka koma shirinsu na farko, Manning ya yi ta gajerun jifa cikin ruwa, Kelvin Hayden ya cafke jifar Rex Grossman, kwatabak ɗin Bears, ya mayar da ita yadi 56. Aka tashi 29 da 17. A kan dandamali ya ce yana alfahari da zama baƙin koci na farko da ya ɗauki kofin, amma abin da ya fi masa shi ne shi da Smith, a matsayinsu na Kiristoci, sun nuna ana iya cin nasara ba tare da an bar tafarkin Ubangiji ba.

Ya yi ritaya a Janairun 2009 yana ɗan shekara 53, da nasara 139 da rashin nasara 69 a wasannin kaka, bayan ya shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale shekara goma a jere. Ya koma sharhi a tashar NBC, ya riƙa shiga gidajen yari yana wa'azi, shi ne ma ya tsaya wa kwatabak Michael Vick da ya fito daga kurkuku a 2009. Ra'ayinsa na riƙau kan aure da iyali ya jawo masa suka daga wasu Amurkawa, bai kuwa janye ba. A 2016 aka shigar da shi zauren gwarzaye na Canton.

Mutanen da ya rena sun bazu. Herm Edwards, Lovie Smith, Rod Marinelli, Leslie Frazier da Jim Caldwell duk sun zama manyan kociyoyi. Caldwell ne ya gaje shi, ya kai Colts wasan ƙarshe a shekararsa ta farko. Mike Tomlin, wanda ya ɗauka a 2001 yana ɗan shekara 28 ya horar da masu tsaron baya a Tampa, shi iyalan Rooney suka ba Steelers a 2007, ya ɗauki kofi a Fabrairun 2009. Dokar Rooney kuwa ba ta cika alkawarinta ba, don ƙungiyoyi da dama sun mai da ganawar ta cika-sharaɗi bayan sun riga sun tsai da wanda suke so. A farkon 2022 an kai matakin da Tomlin kaɗai ya rage baƙin babban koci cikin ƙungiyoyi 32, a gasar da fiye da rabin 'yan wasanta baƙaƙe ne. Ranar 1 ga Fabrairun shekarar Brian Flores, wanda Miami Dolphins ta kora bayan kaka biyu a jere da ya ci fiye da yadda aka ci shi, ya maka NFL a kotu kan wariya. Mutane da yawa sun ɗauka ya rufe wa kansa ƙofar aiki ke nan. Kafin watan ya ƙare Tomlin ya ɗauke shi mataimaki a Pittsburgh.